Shanya Ruwa A Rana: Inda Maganar Ta Yi Gaskiya Da Inda Aka Yi Mata Ƙari

Akwai wata shawara da ke dawowa duk shekara da zarar an fara jin labarin amai da gudawa: ka zuba ruwa a gorar roba, ka ajiye a rana, shi ke nan, rana za ta kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki. Za ka ji ta a saƙon murya na WhatsApp, za ka ci karo da ita a gajerun bidiyoyi na Facebook da TikTok, wani lokacin ma a bakin masu wayar da kan jama'a waɗanda niyyarsu alheri ce zalla. Tana da daɗin ji, domin ba ta buƙatar gawayi ko gas ko kuɗi, ga shi kuma rana ba abin da muka rasa ba ce.

Mai karatu, shawarar tana da asali a kimiyya, kuma asalin mai ƙarfi ne. Abin da nake suka shi ne yadda ake isar da ita. A hannun masu bincike tana tafe da sharuɗɗa wajen guda biyar, amma kafin ta iso wayarka duk an zubar da su a hanya, saura jimla ɗaya tal. Uwar da ta ba jaririnta ruwan da ya yi awa biyu a rana cikin jarka, tana ganin ta tsarkake shi, ta fi shiga haɗari a kan wadda ta san ruwanta ba shi da kyau, domin ita wannan ta biyun aƙalla za ta nemi yadda za ta tafasa.

Daga ina maganar ta fito?

A shekarar 1801 wani Bajamushe mai suna Johann Ritter ya lura cewa bayan launi na ƙarshe a jerin launukan bakan gizo, inda ido ba ya ganin komai, akwai wani haske da ke baƙanta sinadarin azurfa fiye da hasken da ake gani. Shi ne hasken altrabayolet, wanda ake taƙaitawa da UV. A 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka jera kwalabe masu ruwan da bakteriya ke iya tsirowa a ciki, suka bar wasu a rana, suka lulluɓe wasu. Waɗanda aka lulluɓe suka gurɓace, waɗanda suka sha rana sosai suka zauna garau. A 1903 kuma likitan Denmak Niels Finsen ya karɓi kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske.

Ita kuwa dabarar gora, Farfesa Aftim Acra na Jami'ar Amurka da ke Beirut ne ya fito da ita a shekarun 1980. Daga baya cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Suwizalan ta ɗauke ta a shekarun 1990, ta gwada, ta tsara mata ƙa'idoji, aka sa mata suna SODIS. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ta cikin hanyoyin gyara ruwan sha a gida. Ka ga kenan ba zancen shaci-faɗi ba ne. To amma wane haske ne ke aikin, kuma nawa ne daga cikinsa ke iso mana?

Hasken da ya fi kisa ba ya sauka ƙasa

Ana auna haske da tsawon zangonsa, a ma'aunin nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. An kasa UV kashi uku. UVA yana tsakanin nanomita 315 zuwa 400, UVB yana tsakanin 280 zuwa 315, sai UVC daga 100 zuwa 280. Gwargwadon gajartar zangon, gwargwadon ƙarfin dukansa.

DNA, wato littafin umarnin da ke cikin kowace ƙwayar halitta, ta fi zuƙar haske a wajajen nanomita 260. Idan irin wannan haske ya dake ta, sai wasu haruffanta biyu da ke maƙwabtaka su manne da juna, kamar shafuka biyu da ruwa ya liƙe. Ƙwayar ba za ta iya kwafar littafin ba, ba za ta hayayyafa ba, ba za ta iya sa ka ciwo ba. Wannan aikin UVC ne, shi ya sa fitilun da ake amfani da su a asibitoci da matatun ruwa suke fitar da haske na nanomita 254.

Ga inda gizo ke saƙar: UVC na rana ba ya iso mana ko kaɗan. Iskar ozon da ke can sama tana shanye shi duka, tana kuma shanye mafi yawan UVB. Kimanin kashi 95 cikin 100 na UV da ke sauka a doron ƙasa UVA ne, mafi rauni a cikinsu. Kuma alhamdu lillahi da haka, domin da UVC yana saukowa da ba a zauna lafiya a bayan ƙasa ba. Ƙari a kan haka, irin robar da ake yin gorar ruwa da ita, wadda ake kira PET, tana tare mafi yawan ɗan UVB ɗin da ya rage. Wato ruwan da ke cikin gorarka UVA yake samu kusan zalla.

Shi UVA ba ya dukan DNA kai-tsaye sosai. Yana bi ta bayan gida ne: yana zuga iskar oksijin da ke cikin ruwan da cikin jikin ƙwayar ta rikiɗe zuwa wasu sinadarai masu ƙuna, su kuma su lalata fatar ƙwayar da injinan da take numfashi da su. Aiki ne na a-hankali, mai cin awoyi. Zafi yana taimaka masa. Idan ruwan ya haura digiri 45 a ma'aunin Salshiyos, haske da zafi suna haɗa ƙarfi, aikin ya yi sauri sosai. Duk wanda ya ce maka rana na kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda fitilar asibiti ke yi, ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba.

Sharuɗɗan da ake haɗiyewa

Na farko, mazubi. Gora ce ta PET, fara tas wadda ake ganin ciki, wadda ba ta wuce lita biyu ba, an cire takardar jikinta, ba ta kuma yi kaca-kaca da karce ba. Dalilin ƙanƙantar shi ne hasken yana raguwa yayin da yake nutsawa cikin ruwa. Jarkar 'yan garuwa, baƙar roba, bokiti, tulu, randa, duk babu su a lissafi. Ruwan da ya wuni a rana cikin jarka ruwan ɗumi ne kawai, ɗumin ma irin wanda bakteriya da yawa ke jin daɗin hayayyafa a ciki.

Na biyu, tsabtar ruwan a ido. Kowane ɗan ƙwayar laka da ke yawo a cikin ruwa inuwa ce, kuma a wurin bakteriya ƙwayar laka ɗaya rumfa ce guda. Akwai gwaji mai sauƙi: ka cika gorar, ka tsayar da ita a kan manyan haruffan kanun jarida, ka leƙa ta baki zuwa gindi. In ba ka iya karanta haruffan ba, ruwan bai cancanci shanya ba sai an bar shi ya kwanta an tace, ko an sa masa alif ko dakakken ƙwallon zogale ya ja dattin ƙasa.

Na uku, lokaci. Awa shida cur a rana mai ƙarfi, gorar tana kwance, an fi so a kan kwanon rufi. Idan gajimare ya rufe fiye da rabin sama, kwana biyu a jere. Idan ruwan sama ake yi ba ƙaƙƙautawa, dabarar ba ta aiki, a nemi wata. Ba a kuma ajiye gora a bayan gilashin taga ko inda inuwar katanga za ta cim mata da la'asar a ce an yi.

Me ya sa rabin lokaci ba ya ba da rabin kariya? Domin ƙwayoyin ba sa mutuwa da dukan farko. Da yawansu suna da injinan gyaran DNA, har akwai wani mai suna fotolayes wanda da hasken rana ɗin ma yake aiki, yana ɓamɓare haruffan da suka manne. Binciken irin waɗannan hanyoyin gyara ne ya kai masanin nan ɗan asalin Turkiyya, Aziz Sancar, ga kyautar Nobel a 2015. Ƙwayar da aka raunata ba a ƙarasa ba tana iya farfaɗowa. An sari maciji ba a sare kansa ba kenan.

Na huɗu, abin da ke biyo baya. Kulorin yana zama a cikin ruwa ya ci gaba da gadi na wani lokaci. Haske kuwa da ka ɗauke gorar daga rana aikinsa ya ƙare. In ka juye ruwan a randar da kowa ke tsoma moɗa, ka mayar da hannun agogo baya. Daga gorar ake sha, ko a tsiyaya a kofi mai tsabta.

Na biyar, ba duk ƙwayoyi ne ke jin wannan duka daidai ba. Bakteriyar kwalara da ta taifod da ta atuni suna mutuwa da sauƙi in an cika ƙa'ida. Wasu nau'o'in bairos sun fi taurin kai, musamman da yake gorar ta tare UVB. Haka ma wata ƙwaya mai kwanso da ake kira Kiriftosforidiyam, mai sa yara zawo, wadda a 1993 ta kwantar da mutum sama da 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka ta hanyar ruwan famfo. Fitilar UVC tana gamawa da ita nan da nan, amma a gorar da ke kan kwano tana daɗewa. Kalmar “duk” da ake sakawa a cikin saƙonnin nan, ita ce ƙarin gishirin da ya fi kowanne haɗari.

Da aka kai ta gidajen mutane, me aka gani?

Abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji dole a tambaya ko ya rage ciwo a gida. Nan ne labarin ya rabu biyu, kuma masu tallar dabarar sun fi son ba da rabi ɗaya.

Rabin farko daga Kenya yake. A shekarun 1990 Ronan Conroy da abokan aikinsa sun gwada dabarar a cikin al'ummar Masai, suka ga zawo ya ragu a wurin yaran da ke shan ruwan da aka shanya. Ana nan sai kwalara ta ɓarke a yankin. Da suka koma suka ƙirga, cikin yara 155 'yan ƙasa da shekara shida da ke shan ruwan da aka shanya, uku ne suka kamu. Cikin yara 144 da ake ajiye gorarsu a ɗaki, 20 ne suka kamu. Adadin yaran ba shi da yawa, amma bambancin ba na wasa ba ne.

Rabi na biyu daga Bolibiya yake, a Kudancin Amurka. A 2009 Daniel Mäusezahl da tawagarsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da ya haɗa ƙauyuka 22 da yara 725 'yan ƙasa da shekara biyar. An raba ƙauyukan biyu ta hanyar ƙuri'a, aka shekara ana bin rabinsu gida-gida ana koya musu shanya ruwa. A ƙarshe ba a samu ragin zawo da lissafi zai iya tsayawa a kansa ba. Da aka duba, kusan gida ɗaya cikin uku ne kawai ke yin abin yadda ya kamata, duk da wannan naci.

Rana ta Bolibiya ba ta gaza ba, ƙasar tsaunuka ce mai tsananin UV. Abin da ya gaza shi ne zaton cewa abin da ba a biya kuɗi ba kyauta ne. Yi lissafin da kanka. Gida mai mutum takwas, kowa ya sha lita biyu a rana, lita 16 kenan. Da gora mai lita ɗaya da rabi, ana buƙatar gora 11 a kan kwano, wasu 11 kuma a ɗaki ana sha, kullum ta Allah. Wa zai wanke su, ya cika, ya hau ya jera, ya sauko da su? Matar gidan da ke da girki da wanki da raino da ɗan abin sana'arta. Mai bidiyon da ya ɗaga gora ɗaya yana murmushi bai gaya maka wannan ba.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi irin waɗannan gwaje-gwaje baki ɗaya. A gwajin magani ana iya ba wani ƙwayar gaske, a ba wani ta bogi, ba wanda ya san wacce ya sha. A nan kuwa kowa ya san ko gorarsa tana rana ko tana ɗaki. Kuma yawanci uwa ake tambaya ko yaro ya yi zawo a makon nan. Mutumin da ya zo ƙofarka ya ba ka gora kyauta, ya dawo yana tambaya ko an ga amfani, kunya kaɗai tana iya sa a ce masa an gani. Wannan ba ya nufin sakamakon Kenya ƙarya ne. Yana nufin in ka ji an ce dabarar na rage zawo da kashi kaza, ka rage wa adadin tsawo a zuciyarka. Sannan zawon yaro ba ta ruwa kaɗai yake shigowa ba: akwai hannu, akwai ƙuda, akwai abinci, akwai ƙasar da yake rarrafe a kai.

Matsalar damina

Yanzu mu dawo gida, domin a nan ne sukar tawa ta fi nauyi. Yaushe kwalara ke kama mu? A 2021 Najeriya ta samu mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu, sama da 3,500 suka rasu, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Cutar ta fi ƙamari ne a tsakiyar damina, lokacin da ambaliya ke kwaso ƙazantar masai da ta bola ta zuba a rijiyoyi da tafkuna.

To a wannan lokacin ne sama ke lumshewa, a yi kwana da kwanaki ana marka. A wannan lokacin ne kuma ruwan rijiya ke komawa ja kamar kunun kanwa. Sharuɗɗa biyu mafiya muhimmanci, hasken sama da hasken ruwa, duk suna karyewa a daidai watan da aka fi buƙatar dabarar, wanda kuma shi ne watan da saƙonnin suka fi yawo. A hunturu ma hazo yana tare wani kaso na UV, ga sanyi da ke hana ruwan ɗaukar zafi. Lokacin da dabarar ta fi ƙarfi shi ne bazara, Maris zuwa Mayu. Duk shawarar da aka ba mutumin Haɗeja ko na Maraɗi a watan Agusta ba tare da an ambaci gajimare da laka ba, an ba shi lema ce mai huda.

“Ai zafin ƙasarmu ba ya barin cuta”

Daga gora sai maganar ta yi tsalle ta zama wani abu daban: wai ranar da muke da ita garkuwa ce daga annoba. An sha jin haka a 2020 lokacin korona. Wannan ma yana da ɗan tushe. Wani gwaji da aka yi a Amurka a shekarar ya nuna cewa hasken da ya yi daidai da ranar tsakiyar bazara yana kashe kashi 90 cikin 100 na bairos ɗin korona da ke bushe a kan ƙarfe a cikin kusan minti bakwai. Amma fa a kan ƙarfe, a fili, a tsakar rana. Korona kuwa a cikin ɗaki take yaɗuwa, a mota, a majalisa, daga numfashin wani zuwa hancin wani cikin daƙiƙoƙi. Bairos ɗin da ya shiga huhu ya yi sallama da rana. Shi ya sa da Shugaba Donald Trump ya yi tambaya a bainar jama'a a watan Afrilun 2020 ko za a iya shigar da irin wannan haske cikin jiki, likitoci suka yi ca a kansa.

Mu kam ba ma buƙatar misali daga Amurka. Yaushe sanƙarau ke zuwa? A rani, ya yi ƙamari a bazara, lokacin da rana ta fi kowane lokaci ƙuna. A 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000, mafi yawa a Arewa. Ƙyanda ma a rani ta fi tashi. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, mutane suna kwana a cunkushe, ƙwayar tana tafiya daga maƙoshi zuwa maƙoshi ba tare da ta taɓa fitowa rana ba. Da zafin rana yana korar annoba, da ba a san sanƙarau ba daga Sakkwato har Damagaram.

Haka nan rana ba ta da abin yi da guba. Ba ta cire dalma ko maganin feshi ko man fetur da ya tsiyaya cikin rijiya. Shanya gyaɗa da masara yana hana su yin funfuna saboda ya busar da danshi, amma gubar aflatoksin da ta riga ta samu ba ta tafiya don an baza hatsin a tabarma. Shi kansa kilishi, bushewa da gishiri da gashin wuta ne ke riƙe shi. UV ba ya wuce saman nama. Shanya katifa da bargo abu ne mai kyau, yana korar danshi da wari, yana rage ƙwayoyin da ke sama-sama, amma bai maye gurbin wanki da sabulu ba.

Fitilar shuɗin haske

Masu kasuwa ma sun shigo. Akwai sanduna da akwatuna masu shuɗin haske da ake sayarwa da alkawarin kashe kashi 99.9 cikin 100 na ƙwayoyin cuta, har a shagunan aski za ka ga an saka inji a ciki. Tambaya uku za ka yi.

Ta ɗaya, UVC ne da gaske? Ido ba ya ganin UV, don haka shuɗin da kake gani ba shaida ba ne. Fitilar da ake haska takardar kuɗi da ita don gane jabu ma shuɗi take yi, amma UVA ce, ba ta da wannan ƙarfin. Ta biyu, na tsawon wane lokaci, daga wane nisa? Kisan ya dogara ne da ƙarfin haske a ninka da lokaci, kuma in ka ninka nisan ƙaramar fitila sau biyu, ƙarfin yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wulga sanda a kan waya na daƙiƙa biyu wasa ne. Ta uku, ina inuwa? Tsakanin haƙoran injin aski akwai gashi da maiƙo da busasshen jini, haske ba ya shiga can, alhali bairos ɗin ciwon hanta nau'in B yana iya yin mako guda a wajen jiki yana da ƙarfin kamawa. Sai an goge, an wanke, an sa sinadarin kashe ƙwayoyi.

Shi ma adadin 99.9 ɗin, duba shi da kyau. In an fara da ƙwaya miliyan ɗaya, saura dubu. Bakteriyar atuni kuwa, guda 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da mutum.

In kuma fitilar ta gaske ce, to ita kanta abin tsoro ce. Ka san ciwon idon da ke kama mai walda in ya yi aiki ba tabarau, ya kwana yana jin kamar an zuba masa yashi? UV ne ya ƙona saman idon. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan wasu irin waɗannan sanduna saboda suna fitar da hasken da zai iya cutar da ido da fata cikin daƙiƙoƙi. Kada ka haska ta a hannu, kada ka kalle ta, kada ka bar ta inda yaro zai ɗauka.

To ina aka tsaya?

Shanya ruwa a gora dabara ce ta gaske, kuma tana da muhallinta: inda babu makamashin tafasawa, babu kulorin, ruwan yana da haske, sama tana da haske, kuma akwai mai juriyar cika ƙa'ida kullum. A irin wannan hali ta fi shan ruwan haka nan nesa ba kusa ba, kuma ba zan hana kowa ba. Amma in kana da zaɓi, musamman a damina, musamman ga jariri da mai ciki da tsoho da marar lafiya, ka tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko ka sa kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalinsa ka jira minti 30. In ruwan ya yi laka, a fara tacewa kafin kowacce daga ciki. In kuma zawo ya riga ya kama mutum, lokacin gora ya wuce: a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a nufi asibiti.

Ga masu yaɗa saƙon kuwa, roƙona ɗaya ne. In za ka tura, ka tura shi da kayansa: farar gorar PET da ba ta wuce lita biyu ba, ruwa mai haske, awa shida a kwance a rana, kwana biyu in da gajimare, ban da ranar ruwan sama, a kuma sha daga gorar. Bai kai minti ɗaya a saƙon murya ba. In ka ga ya yi maka tsawo, to ka bar shi a wayarka, domin wadda za ta saurare ka a can ƙarshen layin, da ɗanta za ta gwada.